Wa Zai Gaji Hamayyar Kano da Katsina?

Duk ranar da Kano Pillars za ta kara da Katsina United, magoya baya ba su da wani zance sai wannan. Amma abin tambaya shi ne, ko samarin yau za su gaji wannan hamayya? Da yawansu sun fi sanin 'yan wasan Arsenal da Barcelona a gidajen kallo, bisa ga na kungiyar garinsu.

Laifin ba na samari kaɗai ba ne. A watan Afrilu na 2022 rikici ya ɓarke a filin wasa na Sani Abacha, har aka farfasa motar baƙi, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyoyin biyu duka suka faɗa rukuni na ƙasa. Wane uba ne zai kai ɗansa inda ake jifa?

Kada a manta, Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau kuwa sai labari. Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohin biyu su tsare filayen wasa, su rangwanta wa ɗalibai kuɗin shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.