Mai Cewa Buhu Ba Fasaha Ba Ne, Ya Leƙa Tamale

Har gobe, in matashi ya ce shi mai zane ne, abin da ake fara tambayarsa shi ne: "Za ka iya zana mini fuskata?" In ya ce aikinsa ya haɗa ɗinki da ɗaukar hoto da gini, sai a taɓe baki a ce yaron nan ya rasa alƙibla. Wannan raini ne, kuma mu yake ja wa asara.

Ku dubi Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a arewacin Ghana, a shekarar 1987. Zane ya karanta a Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, amma tsofaffin buhunan algarara ne suka fito da sunansa. Ana saƙa buhunan a kudancin Asiya, a kawo su Ghana a zuba waken koko, daga nan su koma hannun masu sayar da gawayi da hatsi. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sabo ya karɓi tsoho, ya tara mutane su ɗinke su wuri guda, sannan ya lulluɓe gini sukutum da su. Haka ya yi wa dogayen bangaye a baje kolin Venice na ƙasar Italiya a 2015.

Masu cewa wannan tarin bola ne ba su tsaya sun duba ba. A jikin kowane buhu akwai tambarin hukuma, da sunan ɗan kasuwa, da faci, da baƙin gawayi. Tarihin wahalar ɗan dako ne, wanda ba a rataya hotonsa a falon kowa.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi: talaka ya yi ɗinki, attajirin Turai ya saya, wa ya ci riba? Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a ci gaba da yi masa ita. Sai dai a faɗi gaskiya, kuɗin bai tsaya a Turai ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, a 2020 ya ƙara da Red Clay, inda aka mayar da tsofaffin jiragen sama ajujuwan yara.

Da malamansa sun ɗaure shi a kan fenti da buroshi, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. To, mu da muke da marinar Ƙofar Mata da dukawa da magina masu zanen bango, wa ya koya mana cewa fasaha sai a cikin firam? Yarinyar da ke haɗa rini da bidiyo a unguwarku ba shiririta take yi ba. Kafin ku yi mata dariya, ku je ku ga aikin, ku tambaye ta nawa ne.