Mas'alar Mashayi da Maganin da Ke Tare Hanya

Mutum biyu su kan sha abu guda, ɗaya ya bar shi ya yi tafiyarsa, ɗaya kuwa ya zama bawansa har ya cinye jarinsa. Jama'a su kan ce rashin zuciya ne kurum. Hakika akwai wannan, amma likitoci sun gano wani sashe na dalilin a cikin ƙwayoyin gado, watau abin da ɗa ke karɓa daga iyayensa tun yana ciki.

Ga bayanin. A jikin ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan ma'aikata da a ke kira enzayim, aikinsu su juya abu ya koma wani, kamar yadda marini ke juya farin zane ya koma shuɗi. Idan giya ta isa hanta, na fari ya kan mai da ita wata guba, na biyu kuma ya karya gubar. To, kimanin sulusin mutanen Sin da Japan da Koriya sun gaji na biyun nan da rauni. Da sun kurɓa sai fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, amai ya taso. Saboda haka shaye-shayen giya bai cika kama masu wannan gado ba.

Abin da gado ya yi wa waɗannan, shi magani ya kwaikwaya. A 1948 waɗansu masana biyu na ƙasar Danmak, Jens Hald da Erik Jacobsen, suka bayyana cewa wani maganin da su ke gwadawa domin tsutsar ciki yana sa gubar nan ta taru a jikin wanda ya sha giya. A jikinsu suka gane, bayan sun haɗiye shi sun sha giya sun galabaita. Aka sa masa suna Antabuse, Amurka ta yarda da shi a 1951.

Sa'an nan aka tarar aikinsa ya kai har ƙwaƙwalwa. A can akwai 'yan aike masu kai saƙo tsakanin jijiyoyi. Ɗayansu dofamin, shi ne mai kai bisharar daɗi, mai raɗa wa mutum ya ƙara, kuma kayan maye su kan sa shi ya yi ambaliya. Maganin nan yana tare enzayim ɗin da ke juya dofamin ya koma wani ɗan aiken dabam, don haka aka gwada shi a kan masu shan hodar iblis. Ya taimaki waɗansu, waɗansu ko gezau, har masu bincike suka ga alamar cewa bambancin gado yana da hannu a ciki.

Kada 'yan kasuwa su ɗauka labarin nesa ne. Kodin ɗin da ke cikin ruwan maganin tari, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, hanta ce ke juya shi ya zama morfin. Wani jikinsa na juyawa a hankali, wani kuwa da gaggawa. A ƙasar Habasha an sami kusan mutum 3 cikin 10 sun gaji gaggawar. Kwalba guda, awo guda, amma wani ta tsai da masa tari, wani ta tsai da masa numfashi. Mai shago kuwa ba shi da ma'aunin gane wannan a fuskar mai saye.

Lalle gado ba uzuri ba ne, domin bai taɓa kai kwalba bakin kowa ba. Amma wanda abin ya riga ya kama, mari da bulala ba su isa inda cutar ta ke. Likita ya ke bukata tare da nasihar malami. Shi kansa Antabuse ba ya kashe sha'awa, tsoro kaɗai ya ke sawa, kuma amfaninsa ya fi bayyana ga wanda ya yarda da bakinsa, wani nasa yana tsaye a kansa kullum har ya haɗiye. Masu tunanin barbaɗa wa ɗansu shi cikin tuwo a ɓoye, kasada su ke yi da ransa, don in ya sha giya da yawa a kai yana iya mutuwa, ƙarfin maganin kuwa ya kan kai mako biyu a jiki bayan ƙwaya ta ƙarshe.