Farin ƙwai a tsohon moto: garin neman gira

Duk wanda ke fita bayan sallar isha'i a Maradi, ko ya bi hanyar Tibiri da dare, ya san abin da zan yi magana a kai. Sai ka hango haske fari fat ya tunkaro ka, ka ɗauka babbar mota ce ta taso daga Konni, ka sauka daga kwalta kana salati. Idan abin ya wuce ka ga ashe tsohon moto ne, wanda ma ya girmi mai tuƙa shi. An cire masa ƙwan fitilarsa na asali, an cusa masa farin ƙwan nan na LED da ake sayarwa a bakin kasuwa, mai shi kuwa yana ta murna wai ya gyara fitila.

Ni ma na yi wannan gyaran, shi ya sa nake da bakin magana. Yamaha Mate gare ni, na gada wurin yayana, shekara 11 ke nan yana kai ni lekol yana maido ni. Bara na ba da jika biyu aka sa mini farin ƙwai. Cikin watan Mayu, wajen ƙarfe tara na dare, ina dawowa daga ƙauyen da nake koyarwa, muka yi gaba da gaba da wani ɗan kabu-kabu. Haskena ya shige masa ido, ya raɓe gefe don ya ba ni hanya, ashe a gefen akwai yara uku ƴan ajin ƙarshe na kolej suna dawowa daga bita. Bai gan su ba, kuma babu yadda za a yi ya gan su. Ya bugi ɗaya, yaron ya faɗi a kan hannunsa na dama ya karye, saura ƴan makonni a zauna BEPC. Jama'a suka yi ca a kan ɗan kabu-kabu, ana zaginsa ana cewa ƙwaya ya sha. Ni kuwa "sannu mushe" aka yi ta ce mini saboda na tsaya taimako. Ba wanda ya dubi fitilata.

Na san abin da za a ce mini, don ni ma shi na faɗa wa kaina ranar da na sayi ƙwan. Hanyoyinmu duhu ne. Akwai ramuka, akwai amalanken shanu da ba fitila ba komai, akwai jaki kwance tsakiyar kwalta. Malamin da aka tura ƙauye, albashi ya yi jinkiri, ba shi da kuɗin sabon moto, me zai yi in ba ya ƙara haske ba? Buƙatar gaskiya ce, ban musa ba. Abin da nake musawa shi ne a ce farin ƙwan nan yana biyan ta.

Mu malamai ne, bari mu yi darasin yadda muke yi wa yara. Fitilar moto ƙwai ce da kwano mai sheƙi a bayansa da gilashi a gaba. An ƙera kwanon ne don ya tattara hasken da ke fitowa daga ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwan, wanda ke zaune daidai wuri guda, ya jefa shi kan hanya. Ƙwan asali zare biyu gare shi, na kod da na far, kuma an tsara na kod ɗin yadda haskensa zai faɗi ƙasa, kada ya kai idon mai zuwa. Ƙwan LED mai araha ba zare gare shi ba, ƴan ƙwayoyi ne jere, wani lokaci a kowace fuska, kuma ba sa zama inda zaren yake. Kwanon sai ya watsa hasken ko'ina: sama, gefe, kan itatuwa, cikin idon mutane. Kod da far suka zama abu ɗaya. Kai da ke bisa moto kana ganin gabanka ya yi fari tas, ka ɗauka ka ci riba, alhali hasken da ya cika mita biyar na gabanka shi ke hana idonka hango abin da ke can nesa. Idan kuma hazo ya sauka ko ƙura ta tashi, hasken da ke tashi sama kai yake dawo wa. Manyanmu sun tuna tsofaffin Peugeot masu rawayar fitila. A Faransa doka ce ta tilasta hakan har zuwa 1993, don rage kashe ido.

Ga kuma maganar wuta. Yawancin tsofaffin moto irin nawa volt 6 ne, kuma fitilarsu daga bobin take shan wuta kai tsaye, ba daga batir ba. Shi ya sa in ka ja mai ta ƙara haske, in ka sassauta ta dushe. Wutar bobin mai kai da komo ce, LED kuwa mai tafiya hanya ɗaya yake so. In ba a sa abin da ke daidaita ta ba, sai ya riƙa ƙyaftawa, ko ya mutu farat ɗaya ba sallama, a tsakiyar daji. Wasu kuma ƙwan mota mai wat 55 suke sawa a moton da aka yi wa na wat 25 ko 35. Bobin ba ya iya ciyar da shi, hasken ya fi na da rauni, waya ta yi zafi.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali lissafi ne na aji shida. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Idon da haske ya doka yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo, na dattijo ma ya fi daɗewa. Ku ce uku kawai. Mita 40 da ɗoriya ke nan mutum yana tafe a makance, a hanyar da ƴaƴanmu ke bi da ƙafa. Shi kuma mai farin ƙwai, da ya ga gabansa ya haskaka sai ya ƙara gudu, birkinsa kuwa na shekara talatin yana nan yadda yake.

Bayan abin da ya faru na maido da ƙwan zare, na zauna wurin wani tsohon mai gyara, ya nuna mini inda haskena ya tafi tun farko. Kwanon ya yi tsatsa, gilashin ya cika da ƙura ta ciki, wayar mas ta sassauta, makunnin ya ci datti. Ƙwan zare in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka ɗaure waya ɗaya ma gyara ne babba. Muka canza kwano, muka wanke gilashi, muka sa ƙwan halojen mai wat daidai da na asali. Wanda kuma ya nace sai LED, to ya sayi fitilar gaba ɗaya, wadda aka ƙera kwanonta don shi, mai yanke haske a sama, ya biya a gyara masa wutar moto. Ya fi jika biyu nesa ba kusa ba, kuma dalilin da ya sa ake gudunsa ke nan.

Sauran aikin ba ya cin ko dala. Ka tsayar da moto mita 10 daga bango a wuri mai daidai, ka hau ka zauna, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli a bangon daidai wannan tsayi. Kunna kod. Saman hasken ya kamata ya tsaya kamar santimita 10 ƙasa da layin. In ya haura, a sassauta ƙusa a sunkuyar da fitilar.

Iyaye, ku ne ke ba samari makullin tsohon moton gida, sau da yawa ku ne ma ke ba da kuɗin ƙwan. Ku fita daren yau ku tsaya gaban moton, ɗanku ya kunna, ku ga ko za ku iya buɗe ido. Malamai ƴan'uwana, mu da ke sakin yara daga bita da dare, wa ya taɓa gaya musu su bi gefen hagu, suna fuskantar abin hawan da ke zuwa? Yaran nan uku dama suke bi, sun ba ɗan kabu-kabu baya, da tufafi masu duhu. Shekara 18 ina koyarwa ban taɓa ɓata minti biyar a kan wannan ba sai da hannun yaro ya karye.

A taron iyayen yara na farkon shekarar nan na roƙi darakta, aka ce kowa ya zo da motonsa bayan magariba. Moto 14 muka jera gaban bangon ajin CM2, biyu kaɗai haskensu ya tsaya ƙasa da layin alli. Wani uba ya ce shi ba zai cire ƙwansa ba, da kuɗinsa ya saya. Mun dai sunkuyar masa da fitilar, ya tafi yana gunaguni.