Sauka Daga Kan Giwa Ba Faɗuwa Ba Ce

A tsakanin masu hawan baburan dogon zango a Turai da Amurka, mutumin da ya sayar da ƙaton BMW R 1250 GS Adventure ya sayi Yamaha Ténéré 700 yakan sha tambayoyi irin waɗanda ake yi wa wanda ya tashi daga asibiti. Wasu su ɗauka tsufa ne ya kama shi, wasu su ɗauka aljihu ne ya yi sanyi. Shi ma sau da yawa sai ya shiga kame-kame, yana ba da hanzarin ciwon gwiwa ko na baya, kamar wanda aka kama da laifi. Wannan kunya ba ta da tushe. Wanda ya kamata a tsare da tambaya shi ne wanda ya ce zai ratsa daji, sannan ya zaɓi babur ɗin da ba zai iya ɗagawa shi kaɗai sau uku a jere ba idan ya kife.

Alƙaluman da kamfanonin suka fitar da kansu sun isa buɗe magana. R 1250 GS Adventure, da cikakken tankinsa mai cin lita 30, nauyinsa kilo 268 ne. Ténéré 700 na farko, wanda ya shigo kasuwa a 2019, kilo 204 ne da tankinsa mai lita 16 a cike. Bambancin kilo 64 ke nan, wato buhun siminti guda da ɗori. Kimanin kilo 10 daga ciki fetur ne, sauran kuwa ƙarfe ne da roba da na'urori, waɗanda ba sa raguwa komai tsawon tafiya. Kuma wannan lissafi ne na babur tsirara, kafin a ɗaura masa akwatunan alminiyam guda uku, da tanti, da kayan gyara, da ruwan sha. Da an gama lodi, giwar ta haye kilo 300 tun mahayi bai ɗora ƙafa ba.

Abin da ke ruɗar mai saye shi ne nauyin babur yana ɓuya a inda ake gwada shi. A kan kwalta mai santsi, da zarar gudu ya kai na keke, babur yana tsayar da kansa, kilo 268 su zama kamar babu su. Dillali kuwa a kan kwalta yake ba da gwaji, na rabin sa'a, da tanki rabi, babu kaya. Nauyin yana dawowa ne a inda gudu ya mutu: wajen juyawa a ƙuntatacciyar hanya mai gangara, wajen tsallaka rafi mai duwatsu, cikin laka, cikin rairayi. A rairayi tayar gaba nitsewa take so ta yi, kuma duk kilon da ke kanta yana taya ta. Maganin da ƙwararru ke koyarwa shi ne a miƙe tsaye a kan matakai, a mayar da jiki baya, a ƙara wuta domin gaban ya taso. Shawara ce mai kyau, sai dai tana nufin mutum ya ƙara gudu a kan abin da ya riga ya ji yana ƙwace masa, yana sane da cewa in ya faɗi, abin da zai danne masa ƙafa ya ninka nauyin jikinsa sau uku. Mafi yawan mutane sassauta totur suke yi, gaban ya nitse, su faɗi.

Faɗuwar farko ba ita ce matsala ba, kusan kowa yana iya tayar da babur sau ɗaya in ya san dabarar juya masa baya ya tura da cinya. Matsalar ita ce ta huɗu, da rana tsaka, cikin riga da wando masu kauri da hular kwano, bayan an kwance akwatuna an sake ɗaura su. Wanda ya gaji yana yin kuskure, kuskure ya kawo wata faɗuwar, ita kuma ta ƙara gajiya. Daga nan sai tsoro ya shiga, tsoron kuwa ba ya fita. Washegari idan mahayin ya iso mararraba, hanya ɗaya kwalta, ɗaya kuma burji ce da ta miƙe cikin duwatsu, zai ce lokaci ya ƙure, ya bi kwalta. Wannan ita ce asarar da ba a rubutawa a takardar bayanin babur: hanyoyin da aka sayi abin domin su, sannan aka yi ta kauce musu saboda shi.

Tarihin wannan nau'i na babura ya fi masu kare giwa sanin gaskiya. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda Thierry Sabine ya shirya, ta tashi a ƙarshen Disambar 1978, ta keta Aljeriya, ta sauko Agadas da Yamai, ta bi ta Mali, ta isa Dakar a Janairun 1979. Wanda ya lashe ta, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 yake, babur mai silinda ɗaya. Sunan Ténéré ma da Yamaha ta laƙaba wa baburanta tun 1983 daga hamadar arewa maso gabashin Nijar aka aro shi. Ita kuwa BMW, a 1980 ta fito da R 80 G/S, kakan duk wani GS da ke kan hanya a yau, wanda Hubert Auriol ya ci gasar da irinsa na tsere a 1981 da 1983, Gaston Rahier kuma a 1984 da 1985. Wancan kakan kilo 186 ne da mai a ciki, ƙarfinsa doki 50. A cikin shekara arba'in jikan ya ƙara kilo 82. Ma'ana, babur ɗin da ya kafa sunan da ake alfahari da shi ya fi Ténéré 700 sauƙi da kilo 18. Wanda ake ce wa ya sauka, a gaskiya ya matso kusa da asali ne, bai ma ƙarasa ba.

Abin da ya mayar da giwa sarauniya fim ne. A 2004 ɗan wasan nan Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman suka tashi daga Landan suka nufi gabas har New York, ta Kazakistan da Mongoliya da Sibiriya da Alaska, a kan BMW R 1150 GS Adventure, aka nuna tafiyar a talabijin da sunan Long Way Round. Kamfanin KTM, wanda Boorman ya fi so, ya janye daga ba su babura, BMW ta bayar, ta kuma girbi amfanin shekaru da yawa. Miliyoyin mutane sun kalla, kuma da yawansu darasin da suka ɗauka shi ne cewa zagaya duniya sai da irin wannan babur. Amma abin da ke cikin fim ɗin ya saɓa wa darasin. Akwai motocin rakiya a tafiyar. An ga mutanen biyu suna faɗuwa a lakar Mongoliya suna tashi har suka kusa karaya. An ga ƙarafunan da ke riƙe da kaya suna tsagewa ana nemo mai walda. Da babur ɗin mai ɗaukar musu hoto, Claudio von Planta, ya lalace, sai aka saya masa wani jan ƙaramin babur ƙirar Rasha mai araha, ya riƙa ratsa wuraren da giwayen ke maƙalewa. Shaidar tana gaban idon kowa, amma kasuwa ta karanta ta a juye.

Ba abin mamaki ba ne kamfanoni su so haka. Babban babur ya fi tsada, mai sayensa kuma ya fi yarda ya biya kuɗin ƙarin kaya. Kallon jerin na'urorin da ake jibga wa giwa yana da ban sha'awa, domin da yawansu maganin ciwon da girman ya haddasa ne. Injin ya yi ƙarfin da tayar baya ba za ta iya riƙe shi a kan tsakuwa ba, sai a sa kwamfutar da za ta rage shi. Babur ɗin ya yi nauyin da riƙe shi a hawan tudu ke da wuya, sai a sa na'urar da za ta kama birki. Ya yi tsayin da ƙafa ba ta kai ƙasa, sai a sa wadda za ta durƙusar da shi in an zo tsayawa. Kowace dabara a cikinsu aikin injiniya ce mai kyau, kowacce kuma tana da nauyinta, da kuɗinta, da ranar da za ta ƙi aiki a garin da bakanikensa bai taɓa ganin irinta ba.

Masu kare giwa suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba su ita cikakkiya. Ga mutum biyu, miji da mata, da kayansu, masu son cin kilomita 800 a yini a manyan titunan Jamus ko Amurka, babban GS ya fi. Yana kare iska, kujerarsa shimfiɗa ce, ba shi da sarƙar da za a riƙa shafa wa mai kowace yamma, kuma silindoji biyun da suka fito ta gefensa suna saukar da nauyin ƙasa, suna ma hana shi kwanciya sharaf idan ya faɗi. Wanda wannan ce tafiyarsa ya riƙe babur ɗinsa, ba wanda ya isa ya ce masa ya yi kuskure. Sai dai ya kira abin da sunansa: babur ne na yawon kwalta da aka yi wa shigar daji. Rigimar tana tare da tallar da ke nuna shi yana tashi sama a kan tudun rairayi, ƙarƙashin ƙwararren da aka biya, sannan a sayar wa akawu mai shekara hamsin da biyar da zai hau shi kaɗai.

Hujjar ƙarfin inji kuwa ba ta tsaya da ƙafarta. Gaskiya ne doki 136 sun kusa ninka 72 na Ténéré 700. Amma a kan ƙasa taya ce ke yanke hukunci, abin da ya wuce iya riƙonta ƙura kawai yake tayarwa. Tun 2011 baburan da ke takara a gasar Dakar ba sa wuce cc 450, kuma su ne ke keta hamadar Saudiyya da gudun da babu mai yawon buɗe ido da zai kusanta. A Janairun 2024 Jacopo Cerutti ya lashe Africa Eco Race, gasar da ke bin sawun tsohuwar hanyar Dakar, a kan Aprilia Tuareg 660. A titi ma, duk wani matsakaicin babur na yau yana wuce iyakar gudun da dokar kusan kowace ƙasa ta yarda da shi, da kaya a bayansa.

Sai dai wanda ya sauka kada ya yi saurin murna, domin kalmar matsakaici ta fara zama wata dabarar talla. Tuareg 660 kilo 204 ne, Honda Transalp 750 na 2023 kilo 208, waɗannan sun cancanci sunan. Amma Suzuki V-Strom 800DE kilo 230 ne, tazarar kilo 7 kacal tsakaninsa da BMW R 1300 GS. Ita kanta Yamaha, da ta ga Ténéré ya karɓu, sai ta fitar da World Raid mai tankin lita 23 da nauyin kilo 220. Kuma lamba ba ita ce komai ba, inda nauyin yake zaune ma magana ce. Ténéré 700 dogo ne, kujerarsa ta kai milimita 875 daga ƙasa, tankinsa a sama yake, don haka gajeren mutum zai iya jin sa ya fi lambarsa nauyi. KTM ta gane wannan a 790 Adventure na 2019, ta zubo tankin ƙasa ta gefen inji biyu. Sannan akwai laifin masu saye: mutum ya rabu da kilo 64 a wurin dillali, kafin wata ya ƙare ya mayar da rabinsu da hannunsa, ƙarafunan kariya, fitilu, akwatuna uku na alminiyam. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Jakunkunan yadi da rabin kayan sun ishe shi.

Waɗanda suka yi tafiyar da gaske ba su jira giwa ba. Ted Simon ya zagaya duniya daga 1973 zuwa 1977 a kan Triumph mai cc 500. Noraly Schoenmaker, 'yar ƙasar Holan da aka sani da Itchy Boots, ta fara da Royal Enfield Himalayan, daga baya ta ratsa Afirka ta Yamma ita kaɗai a kan Honda mai cc 300. A hanyoyin da ta bi kuwa, abin da ke ɗauke da mutane da buhuna kowace rana, cikin damina da rani, Bajaj Boxer ne na 'yan acaɓa, wanda ko rabin nauyin GS bai kai ba. Injin BMW mai silinda biyu a kwance shi ma boxer ake kiransa, takwara ne kawai, amma ƙaramin takwaran ya fi babban sanin laka.

Kamfanin BMW ma yana lissafi. A 2023, da ya fito da R 1300 GS, abin da ya fi tallatawa shi ne an rage kilo 12, daga 249 zuwa 237. Shekara guda bayan haka sai samfurin Adventure ya biyo da kilo 269, ya ɗara wanda ya gada da kilo ɗaya, domin masu son giwa ba su ƙare ba. Amma a Nuwambar 2024, a bajekolin babura na Milan, kamfanin ya ɗaga mayafi daga kan wani samfurin gwaji mai suna F 450 GS: silinda biyu, ƙarfin doki 48, nauyi kilo 175. R 80 G/S na 1980 doki 50 ne, kilo 186.