Babban inji a kan ƙaramin jirgi: lokaci ya yi da za a sa iyaka a kogin Kwara

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a kogin Kwara, magana ɗaya ake yi: lodi ya yi yawa. Gaskiya ne, sau da yawa hakan ne. A watan Satumba na 2017 wani jirgi da ya taso daga Gaya da ƴan kasuwa zuwa Lolo a jihar Kebbi ta Najeriya ya kife, sama da mutum 30 suka rasu. A watan Mayu na 2021 wani ya nutse kusa da Wara, mutane fiye da 100 suka ɓace. A duka biyun an ɗora laifin a kan yawan fasinjoji da kaya. Sai dai akwai wani ɓangare na matsalar da ba kasafai ake taɓo shi ba, wato injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi, wanda ƙarfinsa kan zarce abin da katakon zai iya ɗauka.

Mutane da yawa na ganin babban inji shi ne tsaro. Lamarin ba haka yake ba. Injin Yamaha mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mai doki 40 kuwa ya kai kusan kilo 70, ban da jarkokin mai. Duk wannan nauyi a gindin jirgi yake taruwa. Idan direba ya ba da wuta, gindin ya ƙara nutsewa, goshin ya ɗaga har ya tare masa gani. Idan ya rage wuta ba zato, igiyar ruwan da ke bin sa a baya sai ta afko ciki. Girgizar injin kuma tana sassauta ƙusoshi da mahaɗar katako sannu a hankali, har ranar da allon da aka ɗaura injin a kai zai tsage a tsakiyar ruwa.

Sannan ga batun gudu. Idan saurin jirgi ya ninka biyu, ƙarfin karon da zai yi da dutse ko kututture ninkawa huɗu yake yi. Kogin da ya ratsa ƙasarmu na tsawon kusan kilomita 550 cike yake da duwatsu da tudun rairayi, ga dorinar ruwa a yankin Ayoru. Igiyar da babban inji ke tayarwa ma kaɗai ta isa ta kifar da kwale-kwalen masunci ko na ƴan makaranta masu tsallakawa da filafili.

Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Doguwar jirgin katako mai lodi tura ruwa take yi, kuma akwai saurin da in ta kai shi, ƙarin doki ba ya ƙara mata komai sai shan mai. Injin doki 40 mai zagaye biyu na iya shan kusan lita 20 a awa guda idan aka buɗe masa wuta duka. Wa zai biya kuɗin man nan? Fasinja. Ta yaya mai jirgi zai mayar da kuɗinsa? Ta ƙara lodi. Ka ga ke nan babban inji da yawan lodi uwa ɗaya ta haife su.

Wasu ƙasashe sun daɗe da magance wannan da abu mai sauƙi. A Amurka, tun 1972 doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jiragen ruwa masu inji, waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba, kimanin mita 6, su liƙa ɗan allo a inda direba zai gani. Allon na nuna iyakar ƙarfin inji da yawan mutane da nauyin kaya. Ana lissafin ƙarfin ne daga tsawon jirgi da faɗin gindinsa. A wasu jihohin laifi ne a wuce wannan iyaka, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biyan diyya idan hatsari ya faru. Tarayyar Turai ma na da irin wannan allo na maƙeri a kan jiragen shaƙatawa.

Masu jirage za su ce namu ba daga masana'anta suke fitowa ba, kafinta ne ke haɗa su a bakin kogi. Za su ƙara da cewa idan ruwa ya kawo, a watan Agusta da Satumba ko lokacin ruwan Gini a Disamba da Janairu, ƙaramin inji ba ya iya haurawa da lodi. Hujjoji ne masu nauyi. Inji mara ƙarfi ma hatsari ne idan ruwa na gudu. Amma wannan dalili ne na a auna a san iyakar kowane jirgi, sama da ƙasa. Kafintan da ya shekara 30 yana ƙera jirage ya san abin da katakonsa zai ɗauka, abin da ya rage shi ne a rubuta sanin nan inda kowa zai gani.

Don haka ya kamata ofishin ministan sufuri ya zauna da ƙungiyoyin masu jirage da kafintoci da magadan gari na Yamai, Gaya, Tilaberi da Ayoru, a fitar da jadawali mai sauƙi: jirgi mai tsawo kaza da faɗi kaza, doki kaza, mutum kaza. A rubuta da fenti a jikin jirgin, da manyan lambobi, a ja layin da ruwa bai kamata ya wuce ba. Awon ya zama kyauta ko a kan ƙaramin kuɗi mai rasit, domin in aka mayar da shi hanyar karɓar na goro, to an kashe dokar tun ba a haife ta ba. Tunda jiragen na tsallakawa Benin da Najeriya, hukumar raya kogin Kwara ta ABN, mai ƙasashe 9 da hedikwata a Yamai, wuri ne da ya dace a daidaita ƙa'ida ɗaya.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ƴan uwa da ke ci-rani a Akara, Abijan, Aljeriya ko Turai, ku ne kuke aiko da kuɗin sayen inji domin ƙane ya samu sana'a. Kafin ku tura, ku tambayi tsawon jirgin da shekarunsa, ku ji ta bakin wanda ya ƙera shi. Rarar da ke tsakanin farashin doki 40 da doki 25 za ta sayi rigunan kariya masu yawa. Fasinja kuma yana da ƴancin ya dubi gindin jirgi kafin ya shiga. In ruwa ya kusa baki tun ba a tayar da inji ba, ya jira na gaba. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.