Daga Allon Malam: Mai Barin Giya Kada Ya Bar Magani

Zancenmu na wannan wata a kan wani abu ne da ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba a Kilomita Biyar, wato ɗan'uwan da Allah ya jarrabe shi da abu biyu: shan giya, da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira bifola.

Mai wannan ciwo hali biyu gare shi. Wani lokaci ya hau: ba barci, surutu ba tsayawa, ya ɓarnatar da jarinsa cikin mako guda yana ganin ba wanda ya kai shi. Wani lokaci kuma ya sauko: ya rufe kansa a ɗaki makonni, ba ci ba hira, har ya ji ya gaji da duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ke fama da shi a 2019. Da yawa sukan fara sha ne don neman barci ko danne baƙin ciki, giyar kuwa sai ta ƙara rura wutar. Tun rikicin Disamba 2013 da ya killace unguwar nan, kowa ya san gidan da baƙin ciki ya shiga bai fita ba.

To, idan irin wannan bawan Allah ya yi niyyar tuba, me ya kamata shi da danginsa su sani?

Na farko, wanda ya daɗe yana sha kullum, ngbako ne ko ta kwalba, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 jiki kan fara rawa da zufa. Cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi kamar masu farfaɗiya, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan ruɗe suna gane-gane, har a rasa rai. A asibiti ana sauko da shi a hankali, a kuma ba shi bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Akwai sashen masu taɓin hankali a Babban Asibitin Bangui, wanda muka fi sani da Opital Janaral.

Na biyu, giyar za a bari, maganin bifola yana nan daram. Wasu kan ce tunda sun tuba, ba sauran ƙwayar da za ta shiga bakinsu. Maganin nan ba ya bugarwa, yanke shi kwatsam kuwa kan komo da ciwon, ciwon kuma ya komo da kwalba. A gaya wa likita gaskiyar yawan abin da ake sha, domin Depakine hanta yake bi, giya kuwa ta riga ta wahalar da ita. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa tun da wuri, don maganin nan yana illa ga ɗan tayi. Shi kuma litiyam, wanda likita John Cade na Ostareliya ya bayyana amfaninsa a 1949, sai da awon jini a kai a kai. Zawo, amai, ko zufa mai yawa ba shan ruwa sukan sa ya taru a jini, haka ma ibuprofen da diclofenac. Idan hannu ya ɗauki rawa sosai, tafiya ta zama tangaɗi, harshe ya yi nauyi, a garzaya asibiti.

Na uku, a yi nesa da mai tallan magani a faranti. Rashin barci zai dame shi a makonnin farko, abokai kuma za su ce ya sayi tiramadol ko baliyam. Wannan an gudu ne ba a tsira ba. Tiramadol kansa yana jawo faɗuwa. Ko maganin baƙin ciki irin Laroxyl, idan aka sha shi kaɗai, yana iya tayar da hawan ciwon.

Na huɗu, azumi. Ƙishirwar yini da raba dare duk suna taɓa mai wannan ciwo. Kafin wata ya kama, a je wurin likita, a je wurin malami. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Na biyar, aikin dangi. A sami mutum ɗaya, mata ko yaya, ya riƙe maganin, ya kuma rubuta a littafi awa nawa aka yi barci da ranar komawa asibiti. Alamun barin giya sukan yi kama da na ciwon, sai an ɗauki makonni kafin likita ya rarrabe su, littafin nan kuwa zai taimake shi. Idan ya yi zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Idan ya zame ya sha, kada a kore shi, kada a ɓoye wa likita. Addu'a da rubutun sha ba su hana shan magani, amma mari da duka ba su taɓa warkar da kowa ba.

Iyaye da malamai, mu tuna ita kanta giya mataki-mataki aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Sannu ba ta hana zuwa. Mu rufa wa mai tuba asiri, mu raka shi asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.