Kafin Ku Goge Kwafin Fim

A zangunan Kpandai, Salaga, Yandi da Bawku, finafinan Hausa na yawo daga waya zuwa waya ta Xender da WhatsApp, har ɗalibi ya wayi gari da fim guda sau huɗu a wayarsa, kowanne da sunansa daban. Idan wuri ya ƙare, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar mafi nauyi, a goge sauran. Ban gamsu da ita ba.

Nauyi ba ya nuna inganci. Tsofaffin finafinan Kano daga kaset ko faifai aka kwafo su. Turmin Danya na 1990 ma a kaset ya fito. Hoton faifan VCD kuwa bai wuce ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye ba. Wanda ya hura shi ya liƙa masa lambar 1080, kumburi kawai ya ƙara masa.

Ku manazarta harshe ne, sauti ya fi muku hoto muhimmanci. Hausar zango takan sassauta ƙ da ɗ, saboda haka kwafin da ba a rarrabe baki da baƙi a cikinsa bai amfane ku ba, komai kyawun hotonsa. Ku buɗe kowanne a daidai zance guda, ku saurara. Ku dubi tsawonsu kuma, domin akan datse waƙa ko ƙarshen fim a rage nauyi. Idan wannan ya fi hoto, wancan ya fi murya, ku ajiye duka biyun.